Zaɓen kwas a jami'a: Ba a fafe gora ranar tafiya

A duk shekara idan hukumar JAMB ta buɗe sayar da fom, akwai abin da ke maimaita kansa a cibiyoyin rajista daga Sakkwato har Maiduguri. Yaro ɗan shekara 16 ko 17 ya yi sammako, ya bi layi, an ɗauki hoton yatsunsa, sai ma'aikacin da ke gaban kwamfuta ya ɗago kai ya ce masa, "Wace jami'a? Wane kwas?" A bayansa ga jama'a cike suna jira, kowa na ƙorafin rana. Cikin minti biyu ko uku yaron zai yanke shawarar da za ta riƙe shi shekara huɗu zuwa shida a makaranta, ta kuma bi shi har wajen neman abinci. Wani ya faɗi abin da Baba ya ce ya faɗa. Wani ya maimaita abin da ya ji na gabansa ya faɗa. Wani kuma ya ce wa ma'aikacin, "Yallaɓai, sa mini wanda ake saurin samu."

Ana yawan kuka da ƙarancin guraben karatu, da yajin aikin malamai, da tsadar kuɗin rajista, kuma duk kuka ne mai dalili. Amma akwai wata asara da ba a cika lissafa ta ba, domin ba ta da ƙara. Ita ce ta yaran da suka ci jarrabawa amma suka shekara biyu ko uku a gida saboda sun nemi abin da takardunsu ba su kai ba, da kuma waɗanda suka samu shiga, suka kwashe ƙuruciyarsu suna karanta abin da ba su so, ba su kuma san inda zai kai su ba.

Maganar gaskiya, ba a cibiyar rajista ake zaɓen kwas ba. An riga an yi rabin zaɓen tun a aji huɗu na sakandare, ranar da aka raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da ajin adabi da ajin kasuwanci. A makarantu da yawa wannan rabon ba ya wuce malami ya duba sakamakon aji uku ya ce masu ƙoƙari su tafi kimiyya, sauran su tafi wancan ajin. A wasu wuraren ma yaro abokinsa yake bi. Iyaye ba su san an yi ba, balle su tambayi abin da hakan ke nufi. Sai bayan shekara uku a gane cewa ƙofofi da dama sun rufe tun ranar.

Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin da mutum ke nema ne ke ƙayyade su. Mai neman likitanci sai ya zana fiziks da kimistiri da bayoloji. Mai neman injiniyanci sai lissafi da fiziks da kimistiri. Mai neman aikin akanta ba ya tsere wa lissafi da ilimin tattalin arziki. Mai neman aikin lauya kuwa, akasarin jami'o'i suna neman adabin Turanci a hannunsa, ko da yake wasu jami'o'in Arewa suna da nasu sharuɗɗan ga masu neman shari'ar Musulunci, inda ake duba Larabci ko darasin addinin Musulunci. To, makarantun gwamnati nawa ne a ƙauyukanmu ke da malamin adabin Turanci? Nawa ne ke da malamin fiziks da ɗakin gwaji mai aiki? Yaro ya tashi da burin zama lauya tun yana firamare, ya samu maki 250, a ce masa haɗin darussansa bai dace ba. Ba faɗuwa ya yi ba. Ba a gaya masa ba ne.

Haka batun kiredit biyar na WAEC ko NECO. Ƙa'idar gama-gari ita ce a same su a zama ɗaya ko biyu, amma tsangayoyin likitanci da dama ba sa karɓar haɗin takardu biyu. Kuma dokokin kan sauya. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauta sharaɗin kiredit ɗin lissafi ga masu neman kwasa-kwasan adabi, ta kuma biyo baya da bayanin cewa kowane ɗalibi zai ci gaba da zana darasin a jarrabawar kammala sakandare. Abin da yayan yaro ya sani shekara biyar baya ba lallai ne shi ke aiki yau ba. Kundin JAMB da ke bayyana sharaɗin kowane kwas a kowace jami'a yana nan a intanet kyauta, ana iya buɗe shi da wayar da ake karanta wannan sharhi. Kaɗan ne ke buɗe shi.

Sai babbar magana, wato likitanci. Da wuya ka shiga ajin kimiyya ka tambayi yara burinsu ba ka ji fiye da rabi sun ce likita ba. Babu laifi a wannan buri. Yankin da mutum zai yi tafiyar awanni kafin ya ga likita ba zai ce likitoci sun yi masa yawa ba. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. A jarrabawar 2025, wadda mutum kusan miliyan biyu suka zana, fiye da kashi biyu cikin uku ba su kai maki 200 cikin 400 ba, waɗanda suka samu 300 zuwa sama kuwa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Makin 150 da aka amince da shi a shekarar a matsayin mafi ƙarancin shiga jami'a ƙasan tukunya ne kawai. Ba ya nufin mai 160 zai karanta abin da ya ga dama, kuma yawancin iyaye ba su fahimci wannan bambanci ba. Uba ya ji an ce maki 150 ne, ɗansa na da 190, sai ya ɗauka an zalunce shi da ba a ba shi likitanci ba.

Abin da ya kamata a sani shi ne, jami'a ba ta da ikon ɗibar ɗaliban likitanci yadda take so. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta yaye, bisa la'akari da yawan malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Gwamnati ta ƙara wannan adadi a 'yan shekarun nan, amma masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Dubbai ne ke rububin 'yan kujeru ƙalilan a manyan jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Maiduguri. Ko an cire son kai da alfarma gaba ɗaya, kuma ba mu ce an cire ba, akasarin masu neman ba za su samu ba.

A nan ne ake faɗa wa yaro maganar da ta fi kowace cutar da ɗalibai: "Ka karɓi wanda aka ba ka, in ka shiga aji biyu sai a canza maka." Sai a ba shi anatomi ko fisiyoloji ko bayokemistiri ko ilimin tsirrai, ya shiga da zuciyar baƙo mai jiran mota. Akan yi canjin, ba mu musa ba, amma ga 'yan tsiraru masu sakamako na ƙin ƙarawa, kuma sai in akwai gurbin da ya rage. Sauran sai su farka a aji uku su ga cewa a nan za su ƙare. Waɗannan fannoni ilimi ne na gaske, da su ake bincike, da su ake koyar da likitocin kansu, amma digirinsu ba ya ba mutum lasisin duba marar lafiya. Wajibi ne a faɗa wa yaro wannan ƙarara kafin ya danna amincewa. Idan ya ji ya gani ya ce yana so, madalla. Idan kuwa ya ce likitancin dai, to akwai hanyoyin da suka fi zaman jiran tsammani: ya sake zana jarrabawa da shiri mai kyau, ko ya bi ta shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda ke ba mai sakamako mai kyau damar neman shiga aji biyu kai tsaye. Shi ma ba tabbas ba ne, amma aƙalla yaro ya san abin da yake yi.

Kuma asibiti ba likita kaɗai ba ne. Akwai harhaɗa magunguna, da aikin jinya, da ungozoma, da gwaje-gwajen jini da sauran samfura, da ɗaukar hoton jiki, da gashin ƙashi, da lafiyar ido, da likitancin haƙori. Kowanne sana'a ce mai hukumarta da lasisinta, kuma duk wanda ya taɓa kai marar lafiya babban asibiti aka ce ya dawo bayan mako biyu don babu mai ɗaukar hoto ya san ana buƙatar su. Sai dai kada a ɗauka waɗannan ɗin banza ne a shige su. Aikin jinya a yau ya zama ɗaya daga cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi, kuma kowa ya san dalili. A farkon 2024 hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce mutum dubu 42 daga cikin ma'aikatanta sun bar ƙasar cikin shekara uku, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate kuma ya ce likitoci kimanin dubu 16 ne suka fita a 'yan shekarun da suka gabata. Wasu yaran yanzu ba asibitin garinsu suke hange ba, Ingila da Saudiyya suke hange. Ba za mu zarge su ba. Za mu dai tuna musu cewa dokokin shiga ƙasashen mutane kan sauya dare ɗaya, shi kuwa wanke ciwo da kwana a tsaye kan marar lafiya ba ya sauyawa. Wanda ba zai iya shi a Gusau ba, ba zai iya shi a Landan ba.

Batun 'ya'ya mata na da nasa nauyin. Mu ne ke cewa ba ma son namiji ya duba matanmu, mu ne kuma ke cire yarinya daga aji uku na likitanci domin miji ya fito. Ba a yi wa kowa adalci idan aka bar yarinya ta fara karatun shekara shida ba tare da an zauna an yi maganar aure da haihuwa da wanda zai riƙe yara lokacin kwanan asibiti ba. Mata da yawa sun haɗa aure da irin wannan karatu sun kammala, amma ka tambaye su, za ka ji cewa akwai uwa ko uwar miji ko mijin da ya tsaya da gaske. Alƙawarin da saurayi ya yi a zaure cewa zai bar ta ta ci gaba, ya kamata manya su ji shi da kunnensu kafin a sa rana. Sannan kada a mayar da asibiti da aji su ne iyakar abin da mace za ta iya. Yarinyar da Allah ya hore wa lissafi, babu dalilin hana ta ƙididdiga ko kwamfuta ko zanen gine-gine.

Sai lissafin shekaru da na aljihu, wanda ba a son yi a gaban yara, alhali su ya fi shafa. Likitanci shekara shida ne, da shekarar koyon aiki a asibiti, da shekarar hidimar ƙasa, takwas ke nan kafin a fara maganar ƙwarewa. Aikin lauya shekara biyar, da shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, irin reshenta da ke Bagauda ko na Yola, sannan hidimar ƙasa. Injiniyanci da noma da jinya shekara biyar-biyar. Harhaɗa magunguna ya koma shida, likitancin dabbobi ma shida ne. Wannan in an yi sa'a babu yajin aiki ke nan. A 2020 ƙungiyar ASUU ta yi wata tara, a 2022 ta yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya fara da tsufa kuma ya tuna cewa duk wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

Tun 2023 da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, kwasa-kwasan lafiya ne suka fi tsada, ban da littattafai da kayan aiki da kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa. Asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage wa wasu nauyi: yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da Naira dubu 20 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma sai bayan shekara biyu da kammala hidimar ƙasa ake fara biya. Amma bashi ne, kuma dubu 20 ba ta ciyar da ɗalibi wata guda a Kano ko Zariya. Magidancin da ke da 'ya'ya takwas yana da haƙƙin ya zaunar da babban ɗansa ya ce ga abin da zan iya, ga abin da ba zan iya ba. Wannan ya fi a fara da ƙarfi a tsaya a aji huɗu.

Akwai kuma tarkon da ya fi duka muni, domin shi sai an gama ake gane an faɗa. Kwas na iya kasancewa a jami'a, da malamai da ɗalibai da allo mai ɗauke da sunansa, amma bai samu amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ba. Ko ya samu ta NUC amma bai samu ta hukumar sana'ar ba, kamar COREN ga injiniyoyi, ko Majalisar Kula da Ilimin Shari'a ga lauyoyi. A farkon 2025 JAMB ta dakatar da ɗibar ɗaliban shari'a a makarantu takwas bayan hukuncin da wannan majalisa ta yanke musu. Idan jami'a ta ɗebi fiye da adadin da aka yarje mata, ba shugabanta ke shan wahala ba, ɗaliban ne ke zaman jiran layin Makarantar Horar da Lauyoyi shekara da shekaru. Tambayar "Shin an amince da kwas ɗin nan, kuma mutum nawa aka yarje muku?" ba rashin kunya ba ce. Haƙƙin mai biyan kuɗi ne.

Masu tura yara waje don gudun JAMB su ma ga ishara. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, kuma guguwar ta haɗa har da waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Ga kuma ɗalibanmu da yaƙin Sudan ya koro a 2023, da yawansu 'yan Arewa masu karatun likitanci, waɗanda suka dawo suna neman inda za su ƙarasa. Ko wanda ya kammala lafiya a waje, sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa marar lafiya a Najeriya.

Sababbin sunaye ma na ruɗar yara. Tun bayan sabon tsarin manhajar da NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022, fannin kwamfuta ya zama mai cin gashin kansa, da rassa irin su tsaron intanet da ƙera manhaja da kimiyyar bayanai. An kuma rarraba aikin jarida zuwa digiri daban-daban, kamar yaɗa labarai ta rediyo da talabijin, da hulɗa da jama'a, da talla, da shirya fim. Ci gaba ne. Amma sauya allo ya fi sauƙi a kan samo malami. Kafin yaro ya ruɗu da suna, a samu wani ɗan aji uku a sashen a tambaye shi: kwamfuta nawa ke aiki? Ana samun wuta? Su wa ke koyarwa? Waɗanda suka gama bara ina suke? Zuwa da kai ya fi aike, kuma a zamanin nan babu jami'ar da za ka rasa ɗan unguwarku a cikinta.

Zaɓen jami'ar ma rabin zaɓen kwas ne. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Ɗan Jigawa ko Yobe ko Kebbi da ya san wannan zai iya auna inda makinsa zai fi yi masa amfani. Amma kowa sai ya ce Bayero ko Ahmadu Bello, alhali tun 2011 da 2013 aka buɗe jami'o'in tarayya a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa, ga ta kimiyyar lafiya a Azare, ga na jihohi. Lokacin da gwamnati ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai a Agustan 2025, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce jami'o'i 199 ne masu neman su ta JAMB ba su kai mutum 100 ba, 34 kuma babu ko mutum ɗaya da ya neme su. Da yawa daga cikinsu masu zaman kansu ne da talaka ba ya iya biya, gaskiya ne. Duk da haka alƙaluman na nuna cewa matsalar ba rashin kujeru kaɗai ba ce, har da cunkoso a ƙofa ɗaya.

A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa kwas ba komai ba ne, yaro dai ya samo kwali. Wannan tunani ya samo asali ne daga zamanin da takardar aiki ke jiran mutum tun kafin ya gama jarrabawar ƙarshe, kuma wancan zamanin ya wuce. Shi ya sa azuzuwan kimiyyar siyasa da nazarin zamantakewa da harkokin mulki suka cika maƙil, ba don duk waɗanda ke ciki suna sha'awar fannin ba, sai don nan aka samu wuri. Ba mu raina waɗannan fannoni ba. Ƙasar da ke fama da rikicin manoma da makiyaya da 'yan bindiga da shaye-shaye tana buƙatar masu nazarin al'umma na gaske. Amma wanda zai shiga ya san cewa digirin kaɗai ba ya buɗe masa wata ƙofa ta musamman, sai ya haɗa da iya rubutu, da kwamfuta, da ƙididdiga, ko wata sana'ar hannu. A nan ma darajar sakamako na da tasiri, domin bankuna da manyan kamfanoni da masu ba da tallafin karatu sukan fara tace masu nema ne da ita. Sakamako mai kyau a fannin da mutum ya iya ya fi masa sakamakon jeka-na-yi-ka a fannin da ake tafa wa.

Abin takaici, fannonin da Arewa ta fi buƙata su ne aka mayar juji. Koyarwa ta zama inda ake tura wanda ko'ina ya ƙi karɓa. Sai ya fito malamin da bai taɓa son aji ba, ya koyar da fiziks ɗin da shi kansa bai gane ba, ɗalibansa su faɗi JAMB, a sake tura su koyarwa. Noma ma haka, a yankin da ke da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ta binciken dabbobi ta Shika, da cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, da kasuwar hatsi ta Dawanau, da masana'antun casar shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa. A 2024 har ma'aikatar bunƙasa kiwo aka kafa a matakin tarayya, amma a ƙananan hukumomi nawa makiyayi zai samu likitan dabbobi idan cuta ta shiga garkensa? Yaron da ya ce zai karanta Hausa dariya ake yi masa, alhali gidajen rediyo na duniya da kamfanonin fasaha da hukumomin agaji kullum suna neman wanda ya iya rubuta ta da fassara ta daidai. Muna iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru, amma masu Faransanci a cikinmu ƙalilan ne.

Sai dai ba za mu yaudari yara da daɗin baki ba. Suna gani da idonsu yadda malamin firamare ke rayuwa. A 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi alƙawarin albashi na musamman ga malamai da tallafi ga ɗaliban fannin koyarwa. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022, amma malamai har yanzu suna tambayar ina sauran. Jihar da ke son haziƙan yaranta su zaɓi koyar da lissafi ko likitancin dabbobi, sai ta biya musu karatun, ta kuma ba su tabbacin aiki. Wa'azi kaɗai ba zai yi ba.

Ga iyaye, mun san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma yaro ɗan shekara 16 bai san duniya ba. Shawarar uba da uwa ba abin jefarwa ba ce. Amma akwai bambanci tsakanin nuna hanya da ɗora wa yaro burin da kai ba ka cimma ba, ko gasa da ɗan maƙwabci. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Takardun sakamakon yaro na shekara uku sun fi kowa faɗar gaskiya: wanda kimistiri ke kayar da shi tun aji huɗu, ba ranar da ya shiga jami'a zai shirya da ita ba. A kai shi ya wuni a shagon mai harhaɗa magunguna, ko ofishin lauya, ko wurin da ake gini, ya ga aikin da idonsa. Wasu daga ganin jini sau ɗaya suke sauya shawara, kuma gara a sauya ta a lokacin da a sauya ta bayan an kashe shekara biyu. Idan kuma hannun yaro ya fi kansa son aiki, foliteknik ba abin kunya ba ce, duk da bambancin da har yanzu ake nuna wa masu babbar difloma a wuraren aiki.

Ma'aikatun ilimi na jihohi su dawo da malaman ba da shawara a makarantun sakandare, ba a takarda ba, kuma aikinsu ya fara daga aji uku, a kira iyaye ranar da za a raba azuzuwa. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari, waɗanda ke saya wa yara fom ɗari-ɗari a kowace shekara a ɗauki hoto, su ƙara da zama na yini guda da likita da injiniya da malami da akanta 'yan garin kafin a raba fom ɗin. Su kuma jami'o'i, babu abin da zai hana kowacce ta wallafa a shafinta, kafin a rufe rajista, mutum nawa suka nemi kowane kwas bara, nawa aka ɗauka, kuma mene ne makin na ƙarshen da aka ɗauka. Alƙaluman suna hannunsu. Ɓoye su ba ya amfanar kowa sai 'yan cuwa-cuwar da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan samo gurbi.

Wanda kuma ya riga ya cike fom ya ga ya yi kuskure, JAMB na ba da damar sauya kwas ko makaranta bayan fitowar sakamako, a cibiyoyin da ta amince da su. Duk gurbin da bai bi ta manhajar CAPS ba, hukumar ba ta san da shi ba, kuma mai shi na iya gama karatu a rasa sunansa a jerin masu tafiya hidimar ƙasa. Idan jami'a ta nemi mayar da ɗalibi wani kwas, a nan ne saƙon zai fito, kuma shi ke da ikon amincewa ko ƙi. Don haka kada yaro ya bar lambar sirrinsa a hannun mai kafe ko wani "yayan unguwa" da zai danna masa amincewa ba tare da ya karanta abin da aka ba shi ba.